Filin Noma da Kiwo: Injin ƙyanƙyasa bai san bazara ba

Wasiƙar da za mu buɗe filinmu da ita a wannan mako ta fito ne daga hannun wani mushen lakwal da ke aiki a yankin Tasawa. Ya ce wata da watanni yana tsimi daga albashinsa, har ya sayi injin ƙyanƙyasa, wato abin da masu faransanci ke ce wa kubez, mai ɗaukar ƙwai 60. Karo na farko, cikin watan Disamba, ya samu ƴan tsaki 41. Ya yi murna, har ya fara lissafin ranar da zai ajiye alli. Karo na biyu, cikin watan Afirilu, ya ci bashi ya sayo ƙwan kaji masu tsada, ya cika injin. Tun kwana na 19 wasu suka fara fasa ɓawo, amma da aka gama, guda 6 kaɗai suka fito, biyu daga cikinsu ma yatsun ƙafafunsu a karkace. Tambayarsa ita ce: injin ne ya lalace, ko mai ƙwan ne ya cuce shi, ko kuwa bakin mutane ne?

Mushe, Allah ya mayar da alheri. Ban ga injinka ba, ban kuma san mai ƙwanka ba, amma kwanakin da ka faɗa sun isa shaida. Tsakon da ya fito tun kwana na 19 da karkatattun yatsu, zafi ne ya yi masa yawa. Ni kaina na sha irin wannan kashi shekarun baya, a cikin ɗaki mai rufin kwano, kuma na daɗe ina zargin mai kantin da ya sayar mini da injin kafin in gane bawan Allah ba shi da laifi ko kaɗan.

Abin da ya kamata duk mai wannan sana'a ya sani tun farko shi ne: injin ƙyanƙyasa irin na gida ɗumamawa kawai ya iya. Sanyayawa ba aikinsa ba ne. An ƙera shi ne da tunanin ƙasashen da ɗaki ke da sanyi, inda damuwar mai kiwo ita ce yadda zai kai zafi digiri 37,5 ya tsayar da shi nan. Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalinsa ma da mutanen can take magana. Mu kuwa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, cikin Afirilu da Mayu, zafin inuwa kansa yakan haura digiri 40, wata rana ya doshi 45. To, idan ɗakin da injin yake ciki ya kai 42 da ƙarfe 3 na rana, me zai hana cikin injin ya kai 42? Abin ɗumamawar zai kashe kansa, gaskiya ne, amma daga nan injin ba shi da sauran dabara. Ya zama akwati kawai a cikin ɗaki mai zafi. Ga ɗan ɗumin da motar bantilater ke fitarwa, ga kuma ƙwan kansa, wanda daga mako na biyu zuwa gaba yake fitar da nasa zafin, domin halitta ce mai rai ke girma a ciki.

Ƙwan kaza yana son digiri 37,5 zuwa 37,8 a injin da ke da bantilater mai juya iska. A injin da ba shi da ita, irin wanda ake haɗawa da akwati da ampul ko fitilar kananzir, iska mai zafi tana taruwa a sama, saboda haka ana auna zafin daidai da saman ƙwan, a nemi 38,5 zuwa 39. Tazarar da ke tsakanin daidai da ɓarna ƴar kaɗan ce. Idan zafi ya ragu da digiri ɗaya ko biyu na wasu awoyi, ƙyanƙyasa takan yi jinkiri ne kawai. Ai ita ma kaza takan tashi daga kan ƙwanta ta je ta ci, ta sha, ta yi birgima cikin ƙura, ta komo, ba abin da ya lalace. Amma idan ya haura 40,5 ya zauna nan awoyi, kuma gobe ya sake, jibi ya sake, to mai injin yana dafa ƙwansa ne a hankali bai sani ba.

Kuma ma'aikaci ya fi kowa faɗawa wannan rami. Da asuba kafin ya tafi biro yakan leƙa, ya ga lamba ta nuna 37,6, hankalinsa ya kwanta. Da magariba ya dawo ya sake leƙawa, ya ga 37,7. Abin da ya faru tsakanin azahar da la'asar bai gani ba, inji kuma ba ya ba da labari. Haka ɗan kasuwar da ke yini a rumfarsa. Akwai wata dabara mai araha da nake ba kowa: a nemi tarmometir na gilashi irin wanda likita ke sa wa majinyaci a hammata. Halinsa shi ne, in ya hau ba ya sauka sai an girgiza shi. A girgiza shi da safe, a ajiye shi cikin injin daidai da tsayin ƙwan, kada ya taɓa abin ɗumamawa. Da yamma a duba: inda ya tsaya, nan ne zafi ya kai a ranar. Wannan ɗan gilashi zai kuma gaya maka ko lambar da injinka ke nunawa gaskiya ce, don ƙananan injuna da yawa suna kuskure da rabin digiri ko fiye, kuma rabin digiri na kwana 21 ba wasa ba ne. Sabon inji kada a zuba masa ƙwai sai ya yi kwana biyu yana aiki babu komi a ciki, ana gwada shi safe da rana da tsakar dare.

Ke nan, kafin a yi maganar inji, sai a yi maganar ɗaki. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin soron kakanninmu, ya fi ɗakin siminti da kwano nesa ba kusa ba, domin bangon ƙasa yana shan zafin rana a hankali, ya sake shi a hankali cikin dare. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Mutanen Masar sun fi shekara 2000 suna ƙyanƙyasar ƙwai dubbai a cikin gine-ginen tubalin ƙasa, ba lantarki ba tarmometir. Masu aikin kan ɗora ƙwai a fatar idonsu su ji ko zafin ya yi daidai. Har wani masanin Faransa mai suna Réaumur ya wallafa littafi a 1749 yana neman hanyar kwaikwayonsu. Ba na ce mu koma auna zafi da fatar ido ba, amma kaurin bangon nan har yau yana aiki. A sa injin a ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, nesa da bangon yamma da rana ke duka da la'asar, nesa da taga, kada hasken rana ya taɓa shi ko na minti goma. A rataya jiƙaƙƙen buhu a taga ta ɓangaren da iska ke shigowa. Idan duk da haka gilashin likita ya nuna an wuce 39, a buɗe kafofin iskar injin gaba ɗaya a tsakar rana, a sa butali ɗaya ko biyu na ruwan randa a ciki, nesa da ƙwan.

Amma gaskiyar da zan faɗa wa mushe, ko da ba za ta yi masa daɗi ba, ita ce: wanda ba shi da ɗaki mai sanyi, ya bar injinsa ya huta daga ƙarshen Maris har ruwan farko ya sauka. Wata biyu na hutu sun fi bashi biyu. Na san abin da ke tura mutane: kuɗin inji sun fita, ana son su dawo da wuri, ga salla na tafe ana son kajin sayarwa. To, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ƙwan bazara a sayar da shi ko a soya wa yara.

Akwai ma wata ɓarnar da bazara ke yi tun kafin ƙwai ya shiga inji. Ƙwan da zakara ya yi wa barbara, da zarar wurin da aka ajiye shi ya wuce kamar digiri 25, ɗan da ke ciki yakan fara motsi, ya fara girma ba bisa ƙa'ida ba, sa'an nan ya raunana ko ya mutu. Ƙwan da ya yi kwana 5 a kan teburi cikin ɗaki mai digiri 38, ai ya riga ya fara kwanci babu uwa. Wurin ajiya nagari shi ne mai digiri 12 zuwa 18, abin da ke da wuyar samu a wurinmu in ba lokacin ɗari ba. Firigo kuwa sanyinsa ya yi yawa, kada a sa. Abin da ya rage mana shi ne gindin randa: a jera ƙwan cikin tire ko ƙwarya, tsinin yana kallon ƙasa, a ɗora bisa yashi mai danshi ba tare da ruwa ya taɓa ɓawon ba, kuma kada ajiyar ta wuce kwana 7, cikin zafi ma kwana 3 ko 4 ya isa. Kada a wanke ƙwai, don akwai wata ƴar yana a bayan ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana cire ta. Mai datti sosai a ware shi don ci. Wanda ya sha girgiza a bayan kabu-kabu ko cikin motar kasuwa, a bar shi ya huta yini guda kafin a sa shi. Na kuma sha ganin wanda ya sayi ƙwan kajin gona na cikin tire a bakin titi ya zuba a inji: waɗannan kaji ba su taɓa ganin zakara ba, ko shekara ƙwansu zai yi ba abin da zai fito. A sayi ƙwan ƙyanƙyasa a gidan da aka sani, inda aka ga kajin da ido, zakara ɗaya ga kaji kamar 10. Waɗanda suka tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a 2006 sun san abin da shigo da kaji da ƙwan da ba a san asalinsu ba ke iya jawowa.

Mu zo ga danshi, wanda shi ne ya fi rikita mutane. Ɓawon ƙwai, duk da ido na ganinsa a liƙe, yana da dubban ƙananan kafofi. Ta nan iska ke shiga wa tsako, ta nan kuma ruwan cikin ƙwan ke fita a hankali. Fitar wannan ruwa dole ce. Daga ranar da aka sa ƙwai zuwa kwana na 18, ana son ya rage kamar kashi 12 cikin 100 na nauyinsa. Gurbin da ruwan ya bari shi ne ke zama ɗakin iska a ɓangaren ƙwan mai faɗi, kuma nan ne tsako ke fara huda bakinsa ya ja numfashin farko kafin ya fasa ɓawo. In ruwa bai fita yadda ya kamata ba, ɗakin iska ya yi ƙanƙanta, tsako ya cika ƙwan ya kasa juyawa, ya huda ya tarar da ruwa, ya mutu a ciki da cikakkiyar halittarsa. In kuwa ruwa ya fita da yawa, tsakon ya fito ƙarami, busasshe, ko tantanin ciki ya manne masa kamar takarda ya hana shi fita.

Littattafai sun ce kashi 50 zuwa 55 cikin 100 na danshi daga farko zuwa kwana na 18, sa'an nan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Lissafin daidai ne. Sai dai takardar inji takan ce "a cika kwano ɗaya da ruwa", kamar iskar duniya duka ɗaya ce. Iskarmu ta Fabrairu da Maris, wadda ke fasa leɓe da dunduniya, danshinta kan faɗi ƙasa da kashi 20. Kwano ɗaya ba zai ishe ta ba. Iskarmu ta Agusta kuwa, lokacin da gishiri ke jiƙewa cikin kwano, tufafi su kwana a igiya ba su bushe ba, ita kanta ta kai ko ta wuce abin da ƙwai ke so. Wanda ya cika kwanonin ruwa a lokacin, ya nutsar da ƴan tsakinsa da hannunsa. Cikin damana sau da yawa makonni biyun farko ruwa kaɗan ake bukata, wani lokaci ma babu. Mutum ɗaya, inji ɗaya, ɗaki ɗaya, amma aikin hunturu dabam, na damana dabam.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba: faɗin ruwa ne ke ba da danshi, zurfinsa ba ya ƙara komi. Kofi cike har baki bai kai faranti mai ruwa kaɗan ba. In ana son ƙari, a ƙara faranti, ko a tsoma soso ko tsumma mai tsabta rabinsa a ruwa rabinsa a waje. In ana son ragi, a rufe rabin farantin. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, kada a zuba mai sanyi ya karya zafin injin, kada kuma a yayyafa shi a kan ƙwan. Kuskuren da na fi gani lokacin hunturu shi ne toshe kafofin iska da tsumma ko salatif don a riƙe danshi. Danshin zai hau, amma ƴan tsakin za su shaƙe, domin bukatarsu ta iska ƙaruwa take kullum, kuma ta fi tsanani a kwanakin ƙarshe.

Ƙaramin agogon danshi da ake sayarwa a kasuwa ya fi tarmometir ƙarya. Ana iya gwada shi: a zuba gishiri cikin marfin butali, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a sa shi tare da agogon cikin roba mai marfi, a rufe ruf har kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 65, ka san kullum sai ka ƙara 10 bisa abin da ya faɗa. Amma ni na fi yarda da shaidar ƙwan kansa bisa ta kowane agogo, kuma ana samun ta ta hanya biyu.

Ta farko ita ce haskawa. Cikin dare, a ɗaki mai duhu, a ɗora ɓangaren ƙwan mai faɗi a bakin tocila, ko ta wayar salula ce. A kwana na 7 ƙwai mai rai yana nuna jijiyoyi ja kamar saƙar gizo da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Wanda ya fito fes kamar sabo, ba shi da barbara. Wanda ya nuna zobe ja babu jijiyoyi, ya fara rai ya mutu. Duka biyun a fitar da su, don baragurbi in ya fashe cikin inji yakan ɓata sauran. A wannan dare sai a zana iyakar ɗakin iska da fensir a kan ƙwai kamar biyar, a sake zanawa a kwana na 14 da na 18. Ana son layin ya riƙa sauka a hankali, ta yadda a kwana na 18 ɗakin iska zai kai tsakanin rubu'i da sulusin ƙwan, ya ɗan karkata gefe ɗaya.

Ta biyu ita ce sikeli, kuma wannan ƴan kasuwa za su fi jin daɗinta. A ware ƙwai 10, a yi musu alama, a auna su tare ranar farko a ƙaramin sikeli mai nuna garam. A ce sun yi garam 450. Kashi 12 cikin 100 na wannan garam 54 ne, wato a kwana na 18 ana son su komo wajen garam 396. A kwana na 9, rabin tafiya, ya kamata a ce sun rage kamar garam 27. In ka auna ka ga sun rage 40, iska ta bushe da yawa, ƙara ruwa. In 15 kaɗai suka rage, danshi ya yi yawa, rage faranti ka buɗe kafa. Da haka kana da sauran kwana 9 na gyara, maimakon ka jira ranar ƙarshe ka ga sakamako.

Juya ƙwai ba shi da dogon bayani. Injin da ke juyawa da kansa, a tabbata dai yana yi, don motarsa kan tsaya ba a sani ba. Mai juyawa da hannu ya yi aƙalla sau 3 a rana, in da hali sau 5, da hannu mai tsabta, ya sa alamar fensir a gefe biyu don kada ya rikice. Adadin ya zama mara, ta yadda ƙwan ba zai kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere ba. Ma'aikaci ya sa ƙwansa ranar Asabar: haskawar kwana na 7 da na 14 za su faɗo Asabar, kwana na 18 Laraba, ƙyanƙyasa kuma Asabar, yana gida.

Daga kwana na 18 an daina juyawa. A kwantar da ƙwan, a ƙara ruwa, a rufe, kuma rufewar ta zama ta gaske. Nan ne ake yaƙi da mutanen gida. Da an ji kukan tsako na farko, yara za su taru, uwargida za ta so ta gani, maƙwabci zai leƙo, shi kansa maigidan hannunsa na ƙaiƙayi. Lokacin hunturu buɗewa ɗaya ta minti biyu ta isa ta kwashe danshin da aka tara, tantanin waɗanda suka riga suka huda ya bushe a jikinsu. Tsako yakan yi awa 12 har 24 tsakanin huda ɓawo da fita, yana hutawa, yana janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa. Wanda ya ji tausayi ya ɓare masa, sau da yawa jini zai gani. Waɗanda suka fito a bar su ciki su bushe. Gwaiduwar da suka janye tana riƙe su fiye da kwana ɗaya ba ci ba sha. A kwashe su gaba ɗaya, ko sau ɗaya a yini.

Saboda wannan ne ba na son al'adar zuba ƙwai kaɗan-kaɗan, na yau dabam na jibi dabam, cikin inji ɗaya. Wasu na son juyi da danshi 55, wasu na son a bar su da danshi 70, dole a zalunci wani ɓangare. Haka haɗa ƙwan kaza da na zabbi. Damana lokacin ƙwan zabbi ce, kuma a nan ne injin ke da riba ƙwarai ga mutanen ƙasarmu, tun da zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa tun kaka da kakanni ake sa wa kaza ƙwanta. Amma ƙwan zabuwa kwana 26 zuwa 28 yake yi, ana daina juya shi wajen kwana na 24 ko 25. In dole sai an haɗa, a fara sa na zabbi, bayan mako guda a sa na kaji, su ƙare tare.

Sai maganar ɗaukewar kuran, wadda kowa ya san ba ta sallama. Mai hali ya nemi inji mai aiki da batiri na bolt 12 da pano na hasken rana. Yau wannan ya samu a kasuwanninmu fiye da da. Marar hali kada ya firgita. Lokacin ɗari, in wuta ta ɗauke, kada a buɗe. A lulluɓa bargo a bar kafar iska, in abin ya daɗe a sa butalan ruwan ɗumi a ciki. Lokacin zafi kuwa akasin haka ne, musamman ga manyan injuna masu hawa-hawa irin waɗanda maƙeranmu ke haɗawa da tsohon firigo: in bantilater ta tsaya alhali ƙwan ya wuce mako biyu, zafin ƙwan kansa yakan taru a sama ya kashe na tiren sama. A nan ɗan buɗe ƙofa ake yi, ba lulluɓi ba. Mai aiki da fitilar kananzir kuma ya tabbata hayaƙi waje yake fita, ba wajen ƙwan ba.

Masu sayar da inji sukan ce cikin 100 za a samu 95. Bakin ciniki ne. A gida, in cikin ƙwai 10 masu rai ka samu ƴan tsaki 7 ko 8 lafiyayyu, ka yi aiki. Sakamakonka na Disamba, mushe, ya nuna injinka lafiyarsa lau.

Abin da na so a ce ka yi, kuma nake roƙon kowa ya yi nan gaba, shi ne kada a zubar da ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba sai an bincike shi. A kwana na 23 a fita da su bayan gida, a toshe hanci, a fasa ɗaya bayan ɗaya ta ɓangare mai faɗi. In yawancinsu ba alamar jini ko kaɗan, matsalar daga zakara take ko daga daɗewar ajiya, sai a koma wajen mai ƙwan. In an ga ƙananan ƴaƴa da suka mutu tun makon farko, a tuhumi zafin ajiya, girgizar hanya, ko zafin inji. In tsakon ya cika, ƙwan na da ruwa-ruwa, ɗakin iska ƙarami, danshi ne ya yi yawa. In ya huda ya maƙale, tantani ya bushe a jikinsa, danshin ƙarshe ne ya gaza ko an yi ta buɗewa. Fitowa kafin kwana na 20 zafi ne. Wucewa zuwa 22 ko 23 sanyi ne. A rubuta duk wannan a littafi, da watan da aka sa ƙwan, da yawan farantin ruwa, da abin da gilashin likita ya nuna kowace yamma. Bayan zubi uku ko huɗu, littafin nan zai fi takardar kamfani sanin ɗakinka.

Yanzu dai ka wanke injin, ka shanya shi a inuwa, ka rufe shi daga ƙura. Ka nemi ɗakin ƙasa a gidan ko a maƙwabta, ka sayi gilashin likita a farmasi. In ruwa ya zauna, zabbin ƙauyukan Tasawa suka fara zuba ƙwai, ka fara da 30 kawai, da kuɗin aljihunka. Ka sake rubuto mana abin da ka samu, da nauyin da sikeli ya nuna maka a tsakiyar kwanakin.